Hasken da Ya Hana Fada Arseniyos Kabari

Fada Arseniyos, tsohon limamin ƙauyen Platanaki, ya cika da hantsi, ranar Talata, kwana uku bayan idin da ake kai nunannun inabi coci a sa musu albarka. Matarsa Afrosini ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa da tsumma, ta haɗa masa hannuwa a ƙirji. Zafin watan ya kai inda gawa ba ta kwana biyu, kuma ta san wankan ba shi ne aiki ba. Aikin shi ne inda za a sa shi. Mabuɗin cocin Platanaki da na maƙabartar da ke bayansa suna hannun ƙanenta, kuma shekara biyu ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Ƙanen nan ita ta raine shi. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, lokacin sunansa Stamatis. Da ya yi gemu sai ya tafi Dutse Mai Tsarki ya shiga zuhudu, aka sake masa suna Nifon. Shekara goma sha ɗaya ba amo ba labari. Sannan wata rana sai ga shi a ƙofar gida cikin baƙar riga, a rame kamar sanda, yana magana a hankali kamar mai tsoron kada wani abu ya zube daga bakinsa.

Don murna Afrosini ta yanka ɗan akuya. Ya ce ba ya cin nama. Ta koma ta dafa masa wake da man zaitun, aka zauna. Shi kuwa Arseniyos a Tasalonika ya yi karatunsa, bakinsa kamar aska, kuma mutum ne da in bai sami abokin gardama ba sai ya tsokani jakinsa.

"To, Stamatis," in ji shi. "Au, a gafarce ni, Uba Nifon. An ce ku can kan Dutse kun ajiye littattafai kun koma kallon cibiya. Da gaske ne?"

Nifon ya ce, "Muna sunkuyar da kai, muna kiran sunan Almasihu tare da numfashi har zuciya ta yi shiru. Wanda Allah ya so, sai ya nuna masa hasken nan da manzanni uku suka gani a kan dutse, ranar da kamannin Ubangiji suka sake."

"Haske irin na fitila, ko irin wanda mutum ke gani in ya kwana uku bai ci ba?"

"Hasken da ba a halitta ba. Na Allah ne shi kansa. In ya shiga mutum ba ya barinsa yadda ya same shi. Ai don haka Almasihu ya sauko ya ɗauki jiki irin namu, don a ɗaga mu zuwa inda yake. Abin da shi yake tun asali, mu a ba mu kyauta. Mutum ya zama allah ta wurin alheri."

Arseniyos ya daki tebur har kwanon wake ya yi tsalle. "Kin ji, Afrosini? Yaron da kike fyace wa majina zai zama allah! Kai, Allah ɗaya ne. Ba cuku ba ne da za ku yanka ku ce wannan ɓangaren zati ne, ba a taɓawa, wannan kuma haske ne, ga naku ku lasa. In hasken nan ba halitta ba ne, to alloli biyu gare ku, babba da ƙarami. Duk abin da ido ya gani halitta ne. Za mu yi kama da shi, na yarda, ta hali da tsarki, in ya ji ƙanmu. Amma ka zauna a kogo kana sosa ƙwarƙwata ka ce ka shiga allahntaka?"

Nifon ya tsinki ƙwayar inabi ɗaya daga kwando ya ɗaga. "Wannan zaƙinta daga ina? Ba ta zama rana ba, amma ranar ta shige ta."

"Zaƙin na inabi ne, rana tana can inda take. Ci abarka ka rabu da mu."

"Wake fa yana hucewa," in ji Afrosini. Babu wanda ya ji ta.

A ganinta Allah ya isa ya yi duk wanda ya ga dama cikin biyun, kuma bai nemi shawarar mijinta ko ta ƙanenta ba. Ta ɗauka irin cacar bakin maza ce da ke ƙarewa da wankin hannu. Ashe wutar ta riga ta kama ƙasar gaba ɗaya. Nifon ya zauna a gidan zuhudu na bayan tudu, kuma shekara huɗu suka yi suna jifan juna daga nesa: wannan ya kira wancan mai alloli biyu a wa'azinsa, wancan ya aiko da amsa cewa akwai limaman da suka rufe wa mutane ƙofar sama suka bar su da takarda.

Daga baya manya suka taru a Babban Birni, aka yanke hukunci, mutanen Dutse suka yi rinjaye. Aka aiko da takarda kowane limami ya sa hannu cewa hasken ba halitta ba ne, wanda ya ƙi a tuɓe shi a la'ance shi. Bishof kuma bai sami wanda zai ba takardar yankinsu ba sai Nifon. Limaman ƙauyukan kewaye duk suka sa hannu, har waɗanda jiya-jiya suke dariyar masu kallon cibiya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranar Lahadi Nifon ya shigo cocin Platanaki, coci cike, ya shimfiɗa takardar ya miƙa alƙalami. Arseniyos ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya ce wanda ya rubuta ta ma bai iya nahawu ba, ya mayar masa. Nifon ya karanta la'anar da murya ɗaya, ba gargada. Sannan ya sa hannu ya cire mayafin limanci daga wuyan mijin yayarsa, ya karɓi mabuɗi. Afrosini tana tsaye a ɓangaren mata tana kallo. A bakin ƙofa ya ce mata, "Yaya." Ta tofa yawu a gabansa ta wuce.

Shekara biyun da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Mutanen da Arseniyos ya yi wa baftisma da hannunsa suka riƙa canza hanya in sun hango shi. Mai tanderu ya daina karɓar ƙullun Afrosini, ta koma gasa gurasa a kan dutse. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba ya shiga noman sha'ir a gonarsu ta gangare, ya dawo yana tari, ya zauna yana rubuta martanin da ba mai karantawa. Ita ma ba ta raga masa ba.

"Ka sa hannu mana, malam! Tawada ce fa kawai."

"Linjila ma da tawada aka rubuta ta."

"To ka jiƙa ta mu sha, tunda ba gurasa."

Tarin ya zama zazzaɓi, zazzaɓin ya kwantar da shi. Safiyar Talatar nan yana kwance fuskarsa na kallon bango, sai ya juyo ya ce, "Afrosini, wa ya buɗe taga?"

Tagar a rufe take. Ta faɗa masa.

"Haske ya yi yawa," in ji shi. Bai runtse ido ba, bai kuma kau da kai ba. Ya ci gaba da kallon wuri ɗaya, bakinsa a ɗan buɗe, kamar wanda aka kawo masa hujjar da bai shirya mata ba. Bai sake cewa komai ba. A daidai lokacin maƙwabciyarsu Maruda, mai wankan gawa, tana bakin ƙofa da tulun ruwa, kuma Maruda ba ta taɓa kwana da magana a ciki ba.

Shi ya sa da Afrosini ta isa coci ta tarar Nifon yana jiranta a farfajiya. Ya taso da sauri.

"Yaya, ya gani! Maruda ta faɗa mini. Ya gani kafin ya tafi!"

"Ba gaisuwar mutuwa, Stamatis? Haka ake yi a kan Dutse?"

"Allah ya ba ki haƙuri. Ki saurare ni. La'ana tana kansa, ba ni da ikon sa shi a maƙabarta, kin sani. Amma in ya tuba kafin ya cika, magana ta canza. Zan kaɗa katakon kiran ibada a tara jama'a yanzun nan. Ki tsaya ki ɗora hannu a kan Linjila ki faɗi abin da kika ji. Kafin rana ta faɗi an binne shi kusa da bango, inda ake sa limamai, da mayafinsa a wuya. Ni da kaina zan sa masa."

Afrosini ta juya. Ta hango wurin ta ƙofar maƙabarta, gefen kabarin 'yarsu da ta rasu tana jaririya. Shekara talatin tana sa ran nan za a jera su.

"Bai ce ya tuba ba," in ji ta.

"Ya ce haske."

"Zazzaɓi yake yi. Kuma tagar nan akwai tsaga a jikinta."

"Ke dai ki faɗi abin da kunnenki ya ji. Ni zan faɗi ma'anarsa."

"Na sani. Shi ya sa ba zan faɗa ba. In na buɗe baki, gobe ka rubuta wa bishof, jibi a karanta a kowane coci daga nan har bakin teku: ga maƙiyin haske, ga yadda haske ya durƙusar da shi. Yana raye ka kayar da shi da takarda, yanzu yana kwance ba bakin ramawa kana so ka kayar da shi da bakina."

"Ransa nake ji, ba sunansa ba!"

"Ransa ya riga ya isa inda za shi, bai biyo ta hannunka ba. Ƙasa nake roƙo, taƙi huɗu. Kai da ka zama allah, taƙi huɗu na ƙasa ya gagare ka?"

Fuskar Nifon ta yi fari fat. "Ban taɓa cewa na zama ba."

"To me kake yi mana shekara shida?"

"Shekara goma sha bakwai!" Muryarsa ta tashi har tattabarun kan rufi suka watse. Afrosini ba ta taɓa jin ya ɗaga murya ba tun da ya sa baƙar riga. "Shekara goma sha bakwai ina sunkuye, wuyana ya ƙage, ina kira, ina kira. Ban ga komai ba sai duhun bayan idona. Ko sau ɗaya! Na ga waɗanda suka gani, na zauna kusa da su, na san ba ƙarya suke ba. Amma ni ba a ba ni ba. Shi kuwa da ya zage shi, ya mai da shi abin dariya a kan kwanon wake, shi za a buɗe wa? Sannan ke ki rufe bakinki ki ce tsagar taga ce?"

Ya tsaya yana haki. Da a ce shekarun baya ne, da ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta. Ta duba zuciyarta ba ta sami komai ba sai ɗaci.

"Wato a kan abin da ba ka taɓa gani ba ka tuɓe shi a gaban mutanensa."

"A kan abin da na gaskata."

"Shi ma abin da ya gaskata ya riƙe. Za ka ba ni mabuɗin ko kuwa?"

"Ba zan iya ba."

"Riƙe abinka. Allah ya sa a binne ka da shi."

Daga nan ta wuce gidan Gavras mai haƙa kabari. Ya fito yana sosa ƙeya, ya ce, "Uwargida, ki yi mini rai, ina da 'ya'ya. Fada mutumin kirki ne, amma in aka ce na taɓa..." Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta koma gida ta sami Maruda ta gama wankan gawar tana ta share hawaye, tana cewa ita alheri ta nufa.

"Alherinki na gani," in ji Afrosini. "Ɗauki fartanya."

Suka gangara ƙasan gonar sha'ir, inda iyakarsu ta tsaya a jerin duwatsu. Rana ta take tsaka. Mata biyu, kowacce ta haura hamsin, suna saran ƙasar da rabonta da ruwa wata uku. Sun yi zurfin gwiwa suka ci karo da dutse. Fartanyar Maruda ta karye. Tafin Afrosini ya fashe, ta naɗe shi da gefen zanenta ta ci gaba. Can sama a bakin hanya mutanen ƙauye suna wucewa ɗai-ɗai, kowa ya rage tafiya ya leƙo, ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya ƙara sauri.

Rana ta fara karkata sai ga mutum yana gangarowa da diga a kafaɗa. Nifon ne. Bai yi sallama ba, Afrosini ma ba ta ɗaga kai ba. Ya tattare baƙar rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya ce wa Maruda ta fito, ya shiga ramin. Mutumin da ake ganin iska za ta ɗauke shi ya riƙa saran dutsen nan kamar da shi yake faɗa. Gumi ya jiƙa gemunsa. Maruda ta ɗauko tulu za ta miƙa masa, Afrosini ta ce, "Ajiye. Bai roƙa ba." Bai kuwa roƙa ba har ramin ya kai masa ƙirji.

Su uku suka cire ƙyauren ɗaki suka ɗora gawar a kai, shi a gaba, su biyu a baya, suka gangaro da ita suna tuntuɓe. Da aka saukar da Arseniyos, Nifon ya hau, ya saki rigarsa, ya tsallake jerin duwatsun ya tsaya a wajen gonar.

"Ba zan karanta masa komai ba," in ji shi.

"Wa ya roƙe ka?"

Afrosini ta tsaya a kan kabarin. Shekara talatin tana jin mijinta yana raka matattun Platanaki, kalmomin sun zauna mata kamar sunayen tukwanenta. Ta ɗaga murya ta fara daga farko, da irin karin da yake yi, har inda yakan ja numfashi.

"Yaya!" Nifon ya daka mata tsawa daga bayan duwatsu. "Wannan addu'ar limami ce. Mace ba ta yinta, kuma a kan wanda aka la'anta!"

"Toshe kunnenka. Ko ka je ka rubuta wa bishof."

Ta kai addu'ar ƙarshe ba ta tsallake ko kalma ba, Maruda na amsawa. Ta zuba man zaitun, ta watsa ƙasa. Sai a lokacin kuka ya zo mata, ta zauna a kan tulin ƙasar ta yi mai isarta. Da ta ɗago, Nifon ya tafi. Ya bar digar, da ita suka rufe ramin.

Ya kuwa rubuta wa bishof. Aka hana Afrosini cin Jibin Ubangiji shekara uku, Maruda shekara ɗaya. Ranar cika arba'in ta dafa alkamar sadakar mamaci da zuma ta kai bakin hanya, mutum biyu kaɗai suka ɗiba. Kafin sanyi ya shigo aka turo sabon limami, Nifon ya miƙa masa mabuɗi ya koma Dutse. Bai biyo ta gidanta ba, ita ma ba ta tambayi ranar tafiyarsa ba.

Sau da yawa bayan haka takan rufe tagar ɗakin da hantsi ta kwanta inda mijinta ya kwanta, ta duba. Tsagar tana nan, rana tana shigowa ta cikinta, siririya kamar zare, tana sauka a kan bango can gefe. Wani lokaci ta ce wannan ne. Wani lokaci ta ce wannan bai isa mutum ya ce ya yi yawa ba. Ba ta taɓa tsayawa a kan ɗaya ba, ba ta kuma tambayi kowa ba.

Shekara goma sha tara suka wuce. Ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, gonar ma jikan Maruda ke nomawa. Wata rana wasu 'yan zuhudu biyu suka tsaya a ƙofarta da ƙura har gwiwa, suka tambaya ko nan ne gidan yayar Dattijo Nifon. Suka ce ya rasu a kogonsa cikin azumin da ya wuce. Suka ce waɗanda suka shiga wurinsa a ranar ƙarshe sun kasa kallon fuskarsa don haske, kuma tuni marasa lafiya suka fara zuwa kabarinsa. Su an aiko su ne su tattaro labarin ƙuruciyarsa, da duk wani abu da ya taɓa riƙewa.

Afrosini ta dube su.

"Ku kun gani da idonku?"

Babban ya ce shi bai gani ba, amma wanda ya faɗa masa ba ya ƙarya.

"To. Ni ma ban gani ba, don haka ba zan ce ƙarya kuke ba."

Suka roƙe ta ta ba su ko labari ɗaya. Ta ce yana yaro yana tsoron awaki, kuma ba ya son a wanke masa kai. Ƙaramin ya rubuta, ya ɗago yana jiran saura. Ta ce shi ke nan abin da take da shi na bayarwa. Ta kawo musu gurasa da zaitun suka ci, ta cika musu gorunansu da ruwa, ta ce in sun bi ta ƙasan gona hanyar ta fi kusa, amma su kula da inda suke takawa, akwai kabari a wurin.